Gwajin jini da 'yar na'urar hannu: kurakuran da ke karkatar da sakamako

Da wuya yanzu ka shiga babban kemis a Sabon Gari ko Tudun Wada a Zariya ka rasa na'urar auna suga ko kwalin gwajin maleriya, kuma gidaje da yawa masu dattijo mai ciwon suga sun sayi tasu. Abin da a da sai mutum ya shiga mota zuwa asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba ya bi layi, yau ɗigon jini ɗaya ya wadatar. Sai dai yawancin sakamakon da ke fitowa a karkace ba laifin na'urar ba ne. Daga yatsa matsalar take, ko daga sitirip, wato ɗan tsinken da ake saka wa na'urar a ɗiga masa jini, ko daga rashin duba agogo.

Yatsa ne ya fi ruɗa mutane. Wanda ya gama shan rake ko mangwaro, ko ya taɓa dabino, ya huda yatsa bai wanke hannu ba, na'urar za ta haɗa zaƙin da ke kan fata da na cikin jini, ta nuna masa lambar da za ta hana shi barci. Haɗarin ya fi yawa ga mai yin allurar insulin, domin yana iya ƙara magani a kan sugan da bai hau ba. A wanke hannu da sabulu, a tsane shi sosai. In sifirit aka goga, a jira ya bushe, don jiƙaƙƙen yatsa yana sirka jinin.

Sai matsa yatsa. Da sanyin safiyar hunturu jini kan ƙi fitowa, sai ka ga ana murɗa yatsan tsohuwa kamar ana tatsar saniya. Abin da ke fitowa a lokacin jini ne gauraye da ruwan tsoka. A fara ɗumama hannun da ruwan ɗumi, a sauke shi ƙasa na ɗan lokaci, sannan a huda gefen kan yatsa na tsakiya ko na zobe, inda zafin bai kai na tsakiyar yatsa ba. Allurar hudawa kuwa ta mutum ɗaya ce, sau ɗaya. Ana ganin gidan da miji da mata da maƙwabciya duk alƙalamin huda ɗaya suke amfani da shi, wai ai an goge. Ta haka ciwon hanta nau'in B ke yaɗuwa, domin ƙwayar cutarsa tana rayuwa kwanaki a cikin busasshen jinin da ido ba ya gani.

Maganar sitirip ita ce wadda yanayin Zariya ya fi tsanantawa. Maganin da ke bakin wannan ɗan tsinke ba ya son zafi, ba ya son laima, kuma kamfanoni da yawa sun rubuta a jikin kwalin cewa kada wurin ajiya ya wuce digiri 30. A watan Maris da Afrilu zafinmu kan doshi 40, balle cikin motar da aka faka a rana ko shagon kwano da aka rufe da azahar. Da damina kuma laima ce ke shiga robar in an bar ta a buɗe. A ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga da wurin girki, a rufe murfin da zarar an zaro ɗaya. Kada a juye sitirip a leda ko takarda. Ni dai ba na son sayen sa ɗai-ɗai daga robar da ban san ranar da aka buɗe ta ba, ko da ya fi araha. A duba ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC, kuma a sani cewa wasu kamfanoni sun ƙayyade 'yan watanni kawai bayan buɗe robar. Sitirip ɗin wani kamfani ba ya aiki a na'urar wani, ko da ya shiga ramin.

Akwai kuskuren da ke tayar da hankalin gida gaba ɗaya, wato ma'auni. Wasu na'urori suna nuna mg/dL, wasu mmol/L, kuma takardun ɗakunan gwaji na asibiti sau da yawa da na biyun suke zuwa. Mutum ya ga 7 a takardar asibiti, ya ga 126 a gida, ya ɗauka sugansa ya yi tashin gwauron zabo, alhali abu ɗaya ne: a ninka lambar mmol/L da 18, sai ta ba da ta mg/dL. Lambobin da ya kamata kowane gida ya riƙe, a ma'aunin mg/dL, su ne 126 kafin karin kumallo, wanda daga nan likita ke zargin ciwon suga, da kuma ƙasa da 70, wanda ke nufin suga ya faɗi, a ba mutum abu mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya. In na'ura ta rubuta HI, ta wuce iya abin da take iya aunawa ne, a yawancinsu sama da 600. Wannan ba na sake gwaji gobe ba ne, na asibiti ne yau.

Kada kuma a nemi abin da na'urar ba za ta iya ba. Ƙa'idar duniya ta 2013 ta amince wa na'ura mai kyau ta kauce da kashi 15 cikin 100, don haka in ka gwada sau biyu a jere ka ga 140 da 152, ba ta lalace ba. Mai ƙarancin jini sosai, kamar mai sikila ko matar da ta zubar da jini wajen haihuwa, na'urar kan nuna masa suga sama da yadda yake. Gwajin gida ba ya yanke hukuncin cewa mutum yana da ciwon suga, sai ɗakin gwaji ya tabbatar. Da azumi kuma wasu kan daina aunawa don tsoron karya azumi, alhali malamai da yawa sun bayyana cewa huda yatsa ba ya karya shi, kuma a lokacin ne aunawar ta fi muhimmanci.

Gwajin maleriya na gaggawa nasa kurakuran daban ne. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani, amma gwajin yana da sharuɗɗa. Jinin da ake so ɗan mitsitsi ne, daidai abin da 'yar robar ɗiba ta ɗauka, in ya yi yawa sai ya rine tagar, layi ya ɓace. Ruwan da ke cikin 'yar kwalbar da ke zuwa da gwajin a ɗiga shi daidai adadin da takardar ta faɗa, kuma ba a maye gurbinsa da ruwan leda ko na wani kwali. Sannan agogo: yawancinsu minti 15 zuwa 20 ne. Wanda ya karanta a minti biyar don layi ya yi tsawo zai iya cewa babu alhali akwai, wanda kuma ya tafi sallah ya dawo bayan awa guda zai iya ganin inuwar layin da ba gaskiya ba. Layin da ke gefen harafin C shi ne shaidar gwajin ya yi aiki. In bai fito ba, a jefar a sake, ko da ɗayan layin ya fito. Layin da ke gefen harafin T kuwa ko dishi-dishi ne, matuƙar a cikin lokaci ya bayyana, maleriya ce.

Abin da ma'aikatan kemis da yawa ba sa gaya wa iyaye shi ne, sinadarin da yawancin waɗannan gwaje-gwaje ke nema yana zama a jini makonni bayan ƙwayar cutar ta mutu. Yaron da ya gama shan maganinsa na kwana uku makon jiya zai iya nuna layi biyu yau, sai a sake ɗora shi a kan wani maganin maleriya, alhali zazzaɓin daga kunne ne ko ƙirji ko fitsari. Irin wannan yaro gwajin madubin likita yake buƙata a ɗakin gwaji. Haka in gwaji ya nuna babu, kada a ce "Malam, ba ni maganin dai," kuma kada a yarda da saurin cewa taifot ne. A nemi dalilin zazzaɓin. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake aman duk abin da ya ci, a wuce da shi asibiti ko me layin ya nuna.

Gwajin sikila na gaggawa ma ya fara samuwa, kuma yana da amfani wajen tantance jarirai. Amma wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce zai iya samun sakamakon da ya gauraya da jinin wanda ya ba shi, don haka a faɗa wa mai gwajin tun kafin ya huda. In kuwa maganar aure ce, a maimaita a ɗakin gwaji na asibiti kafin a sa rana.