Yadda Ake Magance Danshi da Funfuna Bayan Ruwa Ya Shiga Ɗaki

Idan ruwan Agusta ya kwana yana tsuga, ko dai rufi ya yi yoyo, ko kwata ta cika ta tumbatso cikin gida. Kwashe ruwan ba wuya. Wahalar tana ga danshin da ya rage, domin funfuna kan fara tsiro cikin awa 24 zuwa 48 a jikin duk abin da ya jiƙe bai bushe ba.

Kafin komai, a kashe wutar gidan daga babban makunni, ko da an ɗauke ta, tunda ba a san sanda za a kawo ba. Kada a taɓa soket ƙafa tana cikin ruwa. Idan ginin ƙasa ne, a duba gindin bango da azara. In bangon ya jiƙe sharkaf, ya tsage ko yana zubar da ƙasa, kada kowa ya kwana a ɗakin sai magini ya gani. Wannan ba abin da za a ce bari gari ya waye ba ne.

Sai a nemo inda ruwan ke shigowa: ƙusar kwano da ta ɗaga, indararo da ya toshe, ko kwatar da ke buƙatar yasa. Muddin ba a toshe kafar ba, duk wankin da za a yi aikin banza ne.

Daga nan a fitar da kaya. A naɗe ledar ƙasa da kafet gaba ɗaya, domin a ƙarƙashinsu ruwa ke maƙalewa, saman ya bushe ƙasan yana jagwab. A janye gado da akwatuna daga jikin bango kamar taƙi guda, a buɗe ƙofa da tagogi, a kunna fanka idan an tabbatar wayoyi sun bushe. Tufafi da tabarma a wanke a shanya a rana. Katifar soso da ta sha ruwan kwata kuwa, gara a haƙura da ita. Haka silin kwali da ya kumbura ya yi baƙi, cire shi ake yi.

Wajen wanke funfunar, a sa takunkumi da safar hannu, a fitar da yara da masu asma. Kada a kankare ta a bushe ko a bi ta da tsintsiya, ƙurarta ce ke tashi ta shiga ƙirji. A fara goge wurin da burushi da ruwan omo, sannan a haɗa kofi ɗaya na Hypo ko Jik a lita 4 na ruwa, a shafa, a bar shi minti 10, a ɗauraye. Don Allah kada a gauraya shi da maganin wanke masai, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

A leƙa ɗakin ajiya ma. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna tana iya ɗaukar gubar da ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. A zubar, kada a ba dabbobi.

Abin da ya fi damuna shi ne rufa-rufa. Uwargida ta turara ɗaki da turaren wuta, maigida ya kira mai fenti, alhali danshi yana nan cikin bulo. Ba a jimawa fentin zai ɓamɓare, baƙin tabon ya dawo, yara su ci gaba da tari da mura. A jira bango ya bushe tukuna, ko da zai kai hunturu. Don a gane, a manna farar leda a jikin bangon da salatif, a rufe gefe huɗun, a bar ta ta kwana. Idan da safe an ga ta yi gumi ta ciki, lokacin fenti bai yi ba.