Darasi na 9: Gane zanzaron tsutsa a gonar kabeji

Wata yamma cikin sanyin Disamba, wani dattijo a ajinmu ya shigo da ganyen kabeji a aljihun rigarsa. Lambunsa yana bakin kogin Dilimi a Jos, ya fi shekara talatin yana noman rani yana kai kaya kasuwar Farin Gada. Ya shimfiɗa ganyen a kan tebur, ya nuna wani ɗan farin abu da ke manne a bayansa, kamar gutsuren ƙwayar shinkafa.

"Malam, ga ƙwan tsutsar nan da ta hana mu sakat. Tun da sassafe nake bi ina murtsuke su."

"Baba, kawo in gani a haske."

Da na duba sai zuciyata ta sosu. Na ce, "Baba, wannan ba ƙwan tsutsa ba ne. Gidan wanda ya kashe maka tsutsar ne."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ka nuna mini shi da idona." Gaskiyarsa ce. Manomi ba ya barin abin da ya saba don an faɗa masa da baki. Wannan darasi amsar buƙatarsa ce, kuma ina so kowa ya iya nuna wa na kusa da shi.

Wane ne wannan ƙwaro?

Kowa ya san zanzaro, mai gina ɗan ɗakin laka a bango, wanda ƙugunsa siriri ne har muke cewa yaro ya yi zanzaro idan ya cusa riga cikin wando. Kowa ya san rina da zafin harbinta. To suna da dangi ƙanana masu ɗimbin yawa waɗanda ba sa gina ɗakin laka, ba sa harbin mutum. Aikinsu ɗaya ne: macen takan nemi tsutsa ko ƙwan wani ƙwaro, ta huda shi, ta saka ƙwanta a ciki. Ɗanta ya ƙyanƙyashe, ya ci abin daga ciki har ya girma, abin ya mutu. A wannan littafi za mu riƙa kiransa zanzaron tsutsa.

Wanda muke nema a kabeji, masana suna rubuta sunansa haka: Cotesia vestalis. A tsofaffin littattafai za ka ga Cotesia plutellae, duk shi ne. Ana furta kalmar farko Kotesiya. Rubuta ta sau uku a littafinka kafin ka ci gaba.

Abincin ɗansa ita ce koriyar tsutsar kabeji da kuka sani sarai. Tsawonta idan ta ƙoshi wajen santimita 1 ne, kanta da gindinta sun tsuke, tsakiyarta ta fi kauri. In ka taɓa ta sai ta yi ta mutsu-mutsu da baya, ta faɗo tana lilo a jikin zare. Tana ƙwaƙular ganye daga ƙasa ta bar fatar sama shara-shara kamar taga. Wannan tsutsa ta daɗe da sanin magani. Tun a 1953 aka ga ta daina jin maganin DDT a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya, kuma har yau duk maganin da aka nace mata da shi, ba a daɗewa take saba masa. Shi ya sa mai lambu ke ƙara murfi a kan murfi a tankin feshi, kuɗi na tafiya, tsutsa na nan.

Fara da gidan

Shi kansa ƙwaron yana da wuyar kamawa, don haka ka fara da gidansa, tunda gida ba ya tashi. A nan ne nake so mu daɗe, domin a nan ne akasarin mutane ke yin kuskure.

Juya ganyen kabeji. Za ka iya samun gidajen zare iri biyu. Na farko saƙarsa sako-sako ce kamar gidan sauro, kana hango abin da ke kwance a ciki, kore ko ruwan ƙasa. Tsawonsa ya kusa santimita 1. Wannan gidan tsutsar ce da kanta, daga cikinsa ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi mai ruwan toka zai fito ya sake zuba ƙwai. Shi ne abin murtsukewa.

Na biyu ƙarami ne, milimita 3 zuwa 4. Fari ne ko ruwan madara, saƙarsa a cushe take, ba ka ganin komai a ciki. Shi kaɗai yake zama, ba a tare ba. Sau da yawa za ka tarar da tsutsa a gefensa ta yi laushi, ba ta ci, ba ta gudu, ko kuma ta riga ta bushe. Ɗan zanzaron ne ya huda gefen jikinta ya fito, ya saƙa wa kansa wannan gida. Idan ka ga gidan a buɗe ta gefe ɗaya, an yanke masa ɗan murfi daidai kamar na tukunya, to mai gidan ya riga ya fita.

Ga abin riƙewa a taƙaice: wanda kake hango cikinsa na ɓarawo ne, wanda yake a rufe fari fat na mai gadi ne.

Wani lokaci za ka ga abu na uku mai rikitarwa: saƙar gidan sauron tana nan, amma a cikinta akwai wani ƙunshi mai tauri, bakinsa biyu a dunƙule, ba ka ganin siffar tsutsa. Wannan aikin wani ɗan'uwansa ne da ake kira Diadegma, wanda yake bari sai tsutsar ta gama saƙa gidanta sannan ya ƙarasa ta, ya zauna a ciki. Shi ma a ƙyale shi.

Yadda za ka gan shi da idonka

Nemi kwalba mai faɗin baki, ka wanke ta ta bushe. Yanko gutsuren ganyen da farin gidan yake kai, kada ka ɓamɓare shi. Saka a kwalbar, ka rufe bakin da ƙyalle mara kauri, ka ɗaure da roba. Ajiye a inuwa inda tururuwa ba za ta kai ba. A lokacin zafi kwana huɗu zuwa bakwai sun isa. A sanyin Jos na Disamba da Janairu yakan ƙara kwanaki, sai ka yi haƙuri.

Ranar da ya fito za ka ga ɗan baƙin abu yana zirga-zirga a jikin kwalbar ta ɓangaren haske. Sa farar takarda a baya. Idan akwai gilashin ƙara girma a aji, ka ara. Idan babu, kyamarar waya ma tana taimakawa in ka jawo hoton kusa.

Fara da girmansa. Ɗora rula a jikin kwalba: milimita 2 zuwa 3 ne, kusan ƙwayar riɗi. Jikinsa baƙi ne, ƙafafunsa kuma sun fi jikin haske, ruwan ɗorawa ne mai ratsin duhu.

Sai ƙahonni. Wannan ita ce alamar da ta fi saurin raba shi da ƙuda. Ƙahonninsa biyu dogaye ne kamar zare, sun kai tsawon jikinsa, kuma ba sa hutawa, kullum yana taɓa ƙasa da su kamar makaho da sanda. Da su yake shinshino inda tsutsa ta ci ganye. Kowane ƙaho gaɓa 18 gare shi, amma sai da madubin ɗakin bincike ake iya ƙirga su. Ƙahon namiji ya ɗan fi na mace tsawo. Ƙaramin ƙuda kuwa ƙahonsa gajere ne ƙwarai, idanunsa ne suka cika kan.

Sai fukafukai. Huɗu ne, na ƙuda biyu. Sai dai na bayan ƙanana ne kuma suna sarƙe da na gaba, shi ya sa a kallon farko za ka ɗauka biyu ne. Garau suke kamar leda. Duba bakin fiffiken gaba, wajen tsakiya zuwa ƙarshe: akwai ɗan ɗigo mai duhu. Ganin wannan ɗigo tare da dogayen ƙahonni ya isa ka san ba ƙuda ne a hannunka ba.

Sai ƙugu. Tsakanin ƙirji da ciki akwai tsukewa, ko da yake ba ta kai ta zanzaron bango ba. Cikin Kotesiya gajere ne, bai wuce tsawon ƙirjinsa da yawa ba, fukafukan kan rufe shi idan ya zauna. Diadegma ya fi shi tsawo kusan ninki biyu, cikinsa siriri ne dogo, kamar an matse shi daga gefe da gefe. A ƙarshen cikin mace akwai ɗan tsinke. Ba ƙari ba ne irin na kunama, allurar saka ƙwai ce. Ta Kotesiya gajera ce har da ƙyar ake ganinta. A wasu danginsa takan fi jikin tsawo, kamar wutsiya, kuma mutane na tsorata da ita a banza.

Zan faɗa muku gaskiya a kan iyakar ido. Dangin nan suna da yawa, zuriya ɗaya kawai daga cikinsu an rubuta sunayen iri fiye da 20,000. Kotesiya ma iri-iri ne, masu kama da juna kamar an tsaga kara. Abin da ya sa muke iya kiran sunan namu shi ne mun haɗa shaida uku: tsutsar da ya fito daga cikinta, siffar gidansa, da siffar jikinsa. Ƙwaron da ka kama a iska ba ka san inda ya fito ba, iyakarka ka ce ɗan dangin ne. Mai son tabbaci ya saka shi a 'yar kwalba da sifirit, ya rubuta rana da wuri da irin shuka a takarda da fensir, ya kai wa malamin gona ko sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Jos.

Sauran dangi da za ka gamu da su

A kan kabejin nan dai, duba inda darɓa ta taru. Cikin ƙwarin masu laushi za ka ga wasu sun kumbura, sun yi tauri, sun koma ruwan takardar siminti. Akwai ɗan zanzaro a cikin kowannensu, wanda bai fi ƙwayar acca biyu ba. In ya fita yakan bar rami zagayayye a bayan.

A jikin karan masara da dawa, idan ka tsaga ka ga fararen gidaje da yawa a cure kamar auduga kusa da matacciyar tsutsa, wani Kotesiya ne, ba na kabeji ba.

Iyayenmu mata na aji, ga naku. Akwai wani baƙin ƙwaro da ke yawo a bangon ɗakin girki da jikin taga, ƙafafunsa na baya dogaye kamar na gizo-gizo, cikinsa ɗan mitsitsi a maƙale a sama, yana ɗaga shi yana saukewa kamar mai kaɗa tuta. A cikin kwanson ƙwan kyankyaso yake saka ƙwansa, ɗansa ya cinye ƙwan da ke ciki. Ba ya harbi. Don Allah a daina bin sa da tsintsiya.

Kada wani ya raina aikin ƙwaro don ƙanƙantarsa. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da gari ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka ya riƙa tsotse rogo, har aka ji tsoron yunwa a ƙasashe da dama. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kawo wani ɗan zanzaro mai suna Anagyrus lopezi wanda aka samo a ƙasar Faraguwai, aka fara sakinsa a Nijeriya a 1981. Shi ya karya lagon annobar, ba tare da manomi ya sayi ko cokali ɗaya na magani ba. Masanin da ya jagoranci aikin, Hans Herren, an ba shi kyautar abinci ta duniya a 1995.

Abin da ke damuna shi ne feshin da ake yi ba a duba ba. Maganin da ke kashe kowane ƙwaro ya fi saurin kashe zanzaron, domin shi a fili yake yawo a kan ganye, tsutsa kuwa tana ɓoye a ƙasan ganye da cikin ƙullin kabeji, ga shi ta saba da dafin. Ban ce kada a yi feshi sam ba. Na ce a juya ganye tukuna. Idan feshin ya zama dole, a tambayi malamin gona a kan maganin da ake kira Bt, wanda sai tsutsa ta ci shi a ganye yake kama ta. Kuma a bar 'yan karas su yi fure a bakin kunya, domin babban zanzaron ruwan fure yake sha.

Shi dattijon nan kwalbarsa ta yi kwana tara kafin ƙwaron ya fito. Ya kawo ta aji a naɗe cikin rawani saboda sanyi, ya bi benci-benci yana nuna wa kowa ƙahonnin.

Aikin gida

Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka rubuta kowace a cikin jimla: zanzaro, ƙaho, fiffike, ƙugu, milimita.

Je lambu da safe kafin rana ta yi zafi. Zaɓi kabeji 20 daga wurare daban-daban, ba layi ɗaya ba. Ja layi a tsakiyar shafi. A hagu ka rubuta yawan gidajen da ake hango cikinsu, a dama yawan fararen da ke rufe. Wanda ba shi da lambu ya bi maƙwabci, ko ya roƙi ganyen waje da ake ɓarewa a Farin Gada.

Sannan ka tsinci ƙananan tsutsotsi 10 ka saka a kwalba, kana canza musu sabon ganye kullum, kana goge raɓar da ta taru a jikin kwalbar. Bayan mako biyu ka ƙirga: nawa suka zama malam-buɗe-littafi, nawa suka ba da zanzaro, nawa suka mutu haka kawai? Haɗa lissafin ka ga ko ya cika 10. Ka zo da kwalbar da littafin ranar da za mu yi darasi na 11.