Yadda ake soya gahawa a gida da injin gugguru

Mutane da dama na gani sun sayi ɗanyen gahawa da tsada, sun zuba a injin gugguru, minti goma sai ga gawayi. Nima haka na fara, rabin kilo na ƙona kafin na gane inda matsalar take.

Da farko injin. Wanda ke aiki da iska mai zafi ake nufi, ba na mai ba. Leƙa cikinsa, in ramukan iskar a gefe suke, suna juya ƙwayar kamar guguwa, to shi ne. In raga ce a ƙasa ka barshi wa gugguru, don ƙaiƙayin gahawa zai taru a wurin kuma yana iya kamawa da wuta. In na gwanjo ka samu duba ƙasansa, da yawa daga Amurka suke, 110 ko 120 ne wutarsu, tamu kuwa 230, kana jonawa ya tafi. Sannan yana jan wat 1200 ko sama da haka, ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba, gara ka jira a kawo wuta mai ƙarfi.

Ɗanyen kuma in ka samu na Habasha madalla, amma na Mambila ta jihar Taraba ma arabika ne, wato irin gahawar da ake nomawa a Habasha, kuma ya fi sauƙin kuɗi, da shi nake ba mai koyo shawara ya fara.

A tsakar gida za ka yi, hayaƙi da ƙaiƙayi sai sun cika ɗaki. Ka aje roba da ɗan ruwa a bakin injin ƙaiƙayin ya riƙa faɗawa ciki. Zuba kamar giram 80, kar ka wuce 100. In ka kunna ka ga ƙwayar bata juyawa to tayi yawa, rage, ko ka riƙa motsa ta da ƙotar cokalin katako har tayi sauƙi ta fara juyawa da kanta.

To ga inda kowa ke faɗuwa. Mu nan mun ɗauka gahawa sai tayi baƙi ƙirin tana ƙyalli sannan ta soyu, shi yasa mutum zai tsaya yana kallon kala yana jira. Da kunne ake wannan suyar. Za ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa, warin kamar ɗanyar ciyawa, sai ta koma ruwan ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, wajen minti 3 zuwa 5 sai kaji tas, tas, kamar ana karya busasshen kara. Wannan ita ce fashewar farko, zafin ƙwayar ya kai wajen digiri 196 a ma'aunin Celsius. Ƙarar injin na danne ta, don haka matso da kunnenka, ka aje waya, kar a kira ka ɗauko wani abu. Daga nan komai gudu yake. In ƙarar fashewar ta lafa ka ƙirga daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya ka kashe, ni a nan nake tsayawa kuma a ganina duk wanda ya wuce nan ya ɓata kuɗinsa. In kaji wata ƙara ƙanana-ƙanana da sauri kamar gishiri a wuta, fashewa ta biyu kenan, mai ya fara fitowa, ɗaci ya shigo. Kuma zafin Sakkwato na ƙara mata sauri, a watan Afrilu da rana tsaka na taɓa ganin minti huɗu ya gama da ita, lokacin hunturu kuwa sai ta ja. Shi yasa da sassafe nake yi.

Kana kashewa juye ta nan take a faffaɗan tire na ƙarfe, kana sheƙewa kana fifita da faifai ko ka sa gaban fanka, don in ka bar ta a tare zata ci gaba da soyuwa da zafin jikinta. Riƙe injin da tsumma, murfin na ƙuna.

Kar ka daka ranar. Zuba a kwalba, kar ka ɗaure murfin tam, ta kwana ɗaya ko biyu iskar cikinta ta fita, sannan ka daka iya wadda za ka sha. Injin ma bari ya huce kamar minti 20 kafin zubi na biyu.