Ƙidayar rikod a MongoDB: kurakuran da masu rubuta manhaja suka fi yi

Duk manhajar da aka rubuta wa ɗan kasuwa ko makaranta a Jos, akwai ɗan akwati a shafin farko da mai ita ya fi zuba wa ido: rasit nawa aka yanka yau, ɗalibai nawa suka biya, buhun dankali nawa ya shigo Farin Gada da sunan wane. Lamba ce guda, amma da zarar ta saɓa da littafin Alhaji, waya za ta yi ƙara: "Injiniya, lissafin nan naka bai yi ba." Sau tari kuwa rumbun bayanan, wato MongoDB da ke ajiye rikod ɗin manhajar, lafiyarsa ƙalau, yadda aka tambaye shi ne ya karkace.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a jawo komai don a ƙirga. Mutum ya kira find, ya mayar da sakamakon jeri da toArray, sannan ya duba length. Da rikod 200 na gwaji ba za a ga aibu ba. Ranar da suka kai 300,000, kowanne sai ya bi ta waya ya zauna a memorin manhaja, don kawai a samu lamba ɗaya. Tamkar a sauke tirela a kwance bakin kowane buhu ne don a san yawan buhunan. Gyaran shi ne a bar rumbun ya ƙirga da kansa da countDocuments, ya turo lambar kawai. Masu amfani da Firestore, rumbun bayanai na Google, kuwa a aljihu suke jin wannan kuskure, domin ana cajin kowane rikod da aka karanta. Tun 2022 suna da count, wanda ake cajinsa karatu ɗaya kan kowane rikod 1,000 da ya ƙirga a indes, wato jerin da rumbu ke ajiyewa don saurin nema. Ga wanda ke biyan dala da kuɗin naira, bambancin ba na wasa ba ne.

Sai tsohon count na MongoDB da har yanzu ake kwafowa daga darussan da suka tsufa. Tun fitowar MongoDB 4.0 a 2018 aka ce a daina amfani da shi a manhaja, PyMongo 4.0 (mai haɗa Python da MongoDB) ya cire shi gaba ɗaya, haka ma Mongoose 8 (na Node.js). An maye gurbinsa da abu biyu, kuma a nan ake yawan cakuɗa su. Shi countDocuments yana karɓar sharaɗi, yana bin rikod ɗin da gaske, amsarsa daidai ce, sai dai yana iya jinkiri. Shi kuma estimatedDocumentCount ba ya ƙirga komai, lambar da rumbun ya ajiye game da kansa yake ɗauko maka, shi ya sa yake amsawa nan take, kuma ba ya karɓar sharaɗi ko ɗaya.

Wannan lambar da aka ajiye tana iya kaucewa idan saba, wato kwamfutar da rumbun yake a kai, ta mutu ba shiri. A takardun MongoDB gargaɗi ne na 'yan layuka, amma a wurinmu lamari ne na yau da kullum: saba tana ƙarƙashin tebur a ofis, NEPA ta ɗauke, batirin inbata ya gaji, kafin a tayar da janareta komai ya mutu. Bayan an kunna, rikod ɗin suna nan, amma ƙiyasin yana iya yin sama ko ƙasa da gaskiya. Maganinsa a gudanar da validate a kan tarin rikod ɗin don lambar ta daidaita. Ni a ganina ƙiyasi ya dace da irin rubutun "sama da mutum 50,000 sun yi rajista". Duk abin da ya shafi kuɗi, ko abin da za a gwada da littafi, a ba countDocuments.

Akwai kuma sifilin da ke fitowa ba tare da wani saƙon kuskure ba. Galibi nau'in bayani ne bai dace ba: an ajiye lambar ɗalibi a matsayin ObjectId, nau'in lambar shaida na MongoDB, kai kuma ka tura ta a matsayin rubutu yadda ta zo daga adireshin shafi, ko an ajiye aji a matsayin 3 ka nemi "3". A wurin MongoDB waɗannan ba ɗaya ba ne. Mongoose yakan gyara maka nau'in a countDocuments, amma ba ya yi a cikin aggregate, hanyar lissafi mai matakai, abin da ke sa sharaɗi ɗaya ya ba da amsa biyu. In kuma Promise (alkawarin amsar da ba ta iso ba) kake gani a madadin lamba, await mai jiran amsar ka manta.

Ƙidayar "yau" ta fi waɗannan ɓoyewa. MongoDB yana ajiye lokaci da agogon UTC, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya. Idan sabarka tana ƙetare kuma agogonta na UTC ne, sha biyun darenta ƙarfe ɗayan dare ne a Jos. Ke nan duk cinikin da aka yi tsakanin 12 da 1 na dare zai faɗa lissafin jiya. Shagon da ke rufewa bayan isha'i ba zai taɓa lura ba, amma kemis, gidan mai ko asibiti mai aikin dare sai an yi ta musu da mai karɓar kuɗi. A lissafa farkon rana da yankin Africa/Lagos, a sa $gte (daga nan zuwa sama) a farkon yau da $lt (ƙasa da nan) a farkon gobe. Kada a tsaya a 23:59:59, daƙiƙar ƙarshe tana zubewa.

Ƙananan tarkuna biyu a taƙaice. Sharaɗin null yana haɗawa da rikod ɗin da ba su da filin sam. Shi kuma $count a cikin aggregate, in bai sami komai ba, ba sifili yake dawowa da shi ba, jeri ne fanko, don haka manhajar da ta miƙa hannu ta ɗauki na farko sai ta faɗi.

In ƙidayar daidai ce amma tana jan ƙafa, a duba da explain, mai nuna yadda rumbun ya yi neman. Ganin COLLSCAN na nufin ana bin tarin ɗaya bayan ɗaya, sai a sa indes a filayen da ke cikin sharaɗin. Haka nan in so kake ka san ko lambar waya ta taɓa rajista, findOne ya wadatar, ba sai an ƙirga duka ba.

Wanda ya fi ɓarna shi ne yin lambar rasit da ƙidaya: a ƙirga rasit, a ƙara ɗaya, a ce ga sabuwar lamba. Masu karɓar kuɗi biyu suka danna a lokaci guda, dukansu za su ga 540, dukansu su yanka 541. Ko ba haka ba, a goge rasit ɗaya na baya, lambar da aka riga aka ba wani za ta sake fitowa. A ware rikod guda mai riƙe da lambar ƙarshe, a riƙa ƙara ta da findOneAndUpdate tare da $inc, wanda ke ƙarawa a aiki ɗaya, ya kuma dawo da sabuwar lamba in an sa masa returnDocument: "after". Sannan a sa indes na unique, mai hana maimaici, a filin lambar rasit, yadda ko manhaja ta yi kuskure rumbun zai ƙi karɓar ta biyun.