Shirin tafiya tsaunin Mambila daga Kaduna

Mai son ganin dajin da gajimare ke sauka a kan bishiyoyinsa ya nufi Mambila a jihar Taraba, musamman dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, inda har yau birin chimpanzee ke zaune. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina laka na hana mota shiga ƙauyuka, hazo kuma ya rufe hanya.

Ka ware kwana biyu don zuwa. Daga Kaduna ka kama hanyar Jos zuwa Jalingo, ka kwana. Da asuba ka bi ta Bali da Serti. Kada ka yi tafiyar dare, kuma ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki.

Hawan dutsen daga garin Mayo Selbe, gaba da Serti, shi ne wurin da ake shan wuya. Kafin nan a duba birki, taya da ruwan lagireto, a cika tanki. A hau da ƙaramin giya, a sauko da shi. Wanda ya dogara da birki kaɗai wajen gangarowa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa.

Sanyin can ya wuce na hunturun Kaduna, don haka ka ɗauki rigar sanyi mai kauri, rigar ruwa, takalmi mai riƙe ƙasa da tsabar kuɗi, domin sabis na yankewa. Kada ka shiga dajin ba ɗan jagora na gari, hazo kan ɓatar da mutum nan take.