Yadda nake koyar da labarin Huang Jinrong a aji

Na daɗe ina koyar da tarihi a nan Maradi, kuma duk sa'ad da muka iso kan mulkin mallaka, yara sukan ɗauka Bature shi kaɗai ya yi komai da hannunsa. Don su ga 'yan ƙasar da suka riƙe masa sanda, nakan ɗauko musu labarin Huang Jinrong, ɗan sandan ciki na birnin Shangai. Ɗan'uwa malami, in kana so ka gwada, ga yadda nake yi.

Ka fara da allo tukuna. Zana Shangai, ka yanke wata unguwa, ka ce wannan Faransa ce ta mulke ta daga 1849 har 1943, da 'yan sandanta, a cikin ƙasar Sin. Sannan ka tambaye su: Bafaranshen da ba ya jin yaren gari, yaya zai kama ɓarawo? Ka yi shiru ka jira. Bara wata yarinya daga bencin baya ta ce, "Mushe, sai ya nemi ɗan gari, kamar gardi da tafinta na zamanin kakanninmu." Da ka ji irin wannan amsa, to ka fito da mutumin: an haife shi a Suzhou a 1868, ya shiga aikin 'yan sandan Faransawa a 1892, fuskarsa duk zanzana, har da ita ake masa laƙabi.

Inda za ka daɗe shi ne gidan shayi, domin nan ne ofishinsa na gaskiya. Yaranmu sun san fada, sun san yadda labarin unguwa ke taruwa a gindin butar shayi, don haka ba sai ka sha wahalar bayani ba. Ka sa ɗaya ya zauna a matsayin Huang, wani ya zo da kukan an sace masa agogo, na uku ya zama ɓarawon. Agogo ya dawo, mai shi ya ba da tukuici, ɓarawo bai kwana a kulle ba, Bature kuma ya ji daɗi unguwarsa lafiya lau. Sai ka tambaye su wa aka cuta. A nan gardama ke kaurewa, kuma ni ba na gaggawar raba ta.

Daga nan ka gaya musu cewa wannan ɗan sanda yana cikin manyan ƙungiyar 'yan daba da ake kira Qing Bang, wato Ƙungiya Mai Launin Kore. Shi da yaronsa Du Yuesheng da Zhang Xiaolin suka riƙe cinikin ofiyom, wani mugun kayan maye, na birnin, ga gidajen caca. An ba kura ajiyar nama ke nan, kuma masu ba ta ajiyar sun san abin da take ci.

Ina roƙonka kada ka bari yara su tashi suna sha'awarsa, don labarin mai kuɗi da ƙarfi yana da zaƙi a kunnen saurayi. Ka rubuta 12 ga Afrilu 1927 a allo. Ran nan 'yan dabar ƙungiyar suka far wa ma'aikata da 'yan kwaminis na Shangai don taya Chiang Kai-shek, jagoran sojojin jam'iyyar 'yan kishin ƙasar Sin, aka zubar da jini mai yawa. Ka kuma yi maganar magidantan da ofiyom ya cinye. Duk ɗalibin da ya ga abin da tramol ke yi wa matasa zai gane.

A 1949, da 'yan kwaminis suka tunkaro Shangai don karɓar mulki, Du ya gudu Hong Kong, Huang ya zauna. A 1951 jaridu suka buga takardar da ya amsa laifuffukansa, aka ɗauke shi hoto yana sharar titi a ƙofar Da Shijie, gidan wasannin da ya mallaka, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Ya mutu a 1953. Hoton na nan a intanet. Ka sauke shi a salula tun daga gida, ka miƙa ta benci benci, ka bar musu minti goma na ƙarshe su rubuta abin da suka gani.