Tsafi da maita a abin kallon yara: yadda uwa mai bi za ta tace

Iyaye da yawa sukan tare ni bayan an tashi sujada, da yake ni ce ke koyar da ajin ƙanana a makarantar Lahadi, su ce: "Malama, katun ɗin nan da yaran ke kallo duk sihiri ne, in hana su ne ko in ƙyale su?" Damuwarsu tana kan hanya, ni ma uwa ce. Amma ba na ba su jerin sunayen shirye-shirye in ce wannan halal wancan haram, don kafin wata ya ƙare an fito da sababbi. Abin da nake ba su hanyar tacewa ce, wadda nake bi a gidana.

Farko dai ki zauna ki kalli abin da idonki. Jin ƙara daga madafi ba kallo ba ne. Saƙon da ake turowa a WhatsApp cewa katun kaza na Shaiɗan ne shi ma ba hujja ba ne, yawancin masu turawa ba su taɓa ganin shirin ba. Ki ajiye aikinki, ki zauna kusa da yaron, ki kalli kashi biyu ko uku daga farko har ƙarshe. Ki riƙa duban fuskarsa kamar yadda kike duban talabijin ɗin: ina ya yi dariya, ina ya matso jikinki, ina ya rufe ido. Ki tambaye shi wa ya fi so a cikinsu, kuma don me. Amsar nan takan gaya miki abin da shirin ke shukawa a zuciyarsa.

Sannan ki san ainihin abin da Littafi Mai Tsarki ya hana, don kada ki hana abin da bai hana ba, ki bar wanda ya hana. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta lissafa su: miƙa yaro hadaya a wuta, duba, sihiri, tsafi, sha'ani da iskoki, da neman magana da matattu. Galatiyawa 5:20 ta sa sihiri cikin ayyukan jiki, a jere da gaba da kishi da faɗa. Duka abubuwa ne da mutum ke tashi da ƙafarsa ya je ya yi, yana neman iko ko sanin gaibu a wani wuri ban da wurin Allah. Haka Saul ya yi da ya ɓad da kama ya tafi wurin matar nan ta Endor da dare, a 1 Sama'ila 28. Haka Saminu mai sihiri na Samariya ya so ya sayi baiwar Ruhu Mai Tsarki da kuɗi, Bitrus ya tsawata masa. A Afisa kuwa waɗanda suka tuba sun tara littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Zancen ba wasa ba ne, ban kuma ɗauke shi wasa ba.

Amma ki lura, Littafin da kansa yana ba da labarin masu sihiri bai ɓoye su ba. Yaran ajina sun fi son labarin bokayen Fir'auna da suka jefa sandunansu suka zama macizai, sandan Haruna ya haɗiye nasu. Ashe ganin mai sihiri a cikin labari ba shi ne zunubin ba. Abin dubawa shi ne inda labarin ya ajiye shi.

Shi ya sa idan ina kallo nakan tambayi kaina abu uku. Daga ina ikon ya fito? Yaro zai iya fita waje ya sami irinsa a garin nan? Wa labarin ke so yaro ya yi sha'awar zama?

Akwai sihirin da na tatsuniya ne zalla: mota mai magana, kifi mai rera waƙa, yarinya ta kaɗa sanda kabewa ta zama keken doki. Mu ma da irinsa muka tashi. Kakanninmu sun ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo, an buɗe da "ga ta nan ga ta nanku" an rufe da "ƙurunƙus", kuma ba wanda ya girma ya je neman Gizo ya ba shi asiri. Irin wannan nakan bari, in dai sauran halin shirin mai kyau ne. Akwai ma wanda marubucinsa mai bi ne: C.S. Lewis ya fitar da littafin farko na jerin labaran yara mai suna Narnia a 1950, akwai mayya a ciki, akwai kuma zaki da ya ba da ransa a madadin yaron da ya ci amana, ya kuma tashi. Wanda ya hana wannan don kawai ya ji kalmar mayya ya hana yaronsa labarin da ke nuna bishara.

Wanda nake kashewa nan take shi ne mai koyar da abin da ake yi a zahiri: kiran ruhun matacce, duba da kati ko tafin hannu ko taurari, yanka wa iska, zana da'ira a kunna kyandir a karanta kalmomi, ɗaura laya don a mallaki wani. Waɗannan suna da masu yin su a bayan layinmu da kuma a intanet. Idan jarumin shirin da su yake cin nasara, ana kuma yaba masa, yaro ya koyi cewa idan abu ya gagara akwai wata ƙofa. Ranar da zai faɗi jarrabawa ko ya rasa aiki, wani zai nuna masa ƙofar.

Tsakanin biyun akwai masu wuyar yanke hukunci, irin su Harry Potter, labarin yaro ɗan makarantar sihiri, da littafinsa na farko ya fito a 1997, wanda masu bi a Amurka suka yi shekaru suna jayayya a kansa. Ni a gidana ƙanana ba sa kallo, don duhunsa ya fi ƙarfinsu. Babba da ya shiga sakandare, in ya nace, mu kalla tare mu tattauna.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda iyaye ba su cika kawo mini ƙararsa ba. Mukan tsananta wa katun ɗin Turawa, sai dare ya yi mu kunna fim ɗin gida, yara na zaune a tabarma. A ciki ga tsohuwa ta rikiɗa ta zama mujiya, ga taron mayu da jan ƙyalle a gindin itace, ga yarinyar aiki tana tashi da tsakar dare ta ci kurwar ɗan masu gida. Wasu ma fina-finan wa'azi ne, a ƙarshe fasto ya yi addu'a wuta ta sauko, sai mu ce ai na Allah ne. Yaro ɗan shekara biyar ba ya riƙe addu'ar minti biyar ta ƙarshe, fuskar tsohuwar yake riƙewa. Shi katun, yaro ya san zane ne. Wannan kuwa mutane ne irinmu, da zani irin na kakarsa, a gida irin namu.

Na ga abin da hakan ke haifarwa. Wata yarinya a ajina, mai fara'a, wata gwauruwa tsohuwa da ke zama a bencin baya ta miƙa mata gyaɗa a leda bayan sujada. Yarinyar ta ja da baya, ta ɓoye hannuwanta a bayan riga, ta ce da ƙarfi, "Ba na ci, mayya ce." Tsohuwar ba ta ce komai ba, ta mayar da ledar cikin jakarta a hankali, ta ɗaure bakin jakar. Da na bincika, fim suka kalla a gida cikin makon, mai tsohuwa mai ba yara maita a abinci. Matar nan ta fi shekara talatin tana share majami'a.

Kada a ce ƙaramin abu ne. A Akwa Ibom an kori yara daga gidajen iyayensu, an doke su, an ƙona wasu, bisa zargin maita, sau da yawa bayan wani mai kiran kansa bawan Allah ya nuna su da yatsa. Wani shirin talabijin na Birtaniya ya nuna wa duniya wannan a 2008, a shekarar kuma jihar ta kafa dokar da ta haramta jifan yaro da maita. UNICEF ta fitar da rahoto a 2010 kan yaran Afirka da ake yi wa wannan zargi, kuma marayu da naƙasassu da masu ciwo irin farfaɗiya suna cikin waɗanda abin ya fi faɗa wa. Dokar laifuka ta Najeriya ma ta ɗauki zargin mutum da maita laifi ne mai ɗauri. Mu a nan arewa ba mu tsira ba, kowa ya san marainiyar da aka ce ita ta ci uwarta. Don haka duk fim ɗin da ya nuna yaro, ko tsohuwa, ko 'yar aiki a matsayin mayya, ba a kunna shi a gaban yara a gidana, ko da sunan Yesu aka rufe shi. Ku iyaye maza, wannan ya shafe ku, don sau da yawa rimot yana hannunku da dare.

Idan kin yanke shawarar hana wani shiri, ki faɗi dalili a taƙaice, da murya a kwance. "Wannan yana koya wa mutane su kira matattu, Allah kuwa ya ce kada mu yi, shi ya sa ba ma kallonsa a gidan nan." Ya isa. Kada ki ce aljani zai fito daga talabijin ya shige shi. Ba gaskiya ba ne, kuma yaron da aka tsorata haka ko dai ya kasa barci, ko ya gwada a ɓoye ya ga ba abin da ya faru, daga nan ya daina yarda da maganarki har a kan abin da yake gaskiya. Idan kika gan shi yana kaɗa tsinken tsintsiya yana cewa ya mai da ƙanwarsa kwaɗo, wasa yake yi. Ba ya bukatar a kai shi addu'ar fitar da aljanu. Ki tambaye shi inda ya gani, ki ce masa, "Ka san wasa ne ko? Wa kaɗai ke da ikon halitta?" Zai ba ki amsa da kansa.

Sai na'urorin. Dikodar DStv da GOtv suna da wurin kulle tasha da kulle shiri bisa shekaru. Lambar sirrin da suke zuwa da ita 1234 ce, ki canza ta, don yara sun riga sun sani. A waya ki sa YouTube Kids maimakon YouTube na manya, ki kashe wurin bincike, ki zaɓi tsarin da sai abin da kika amince da shi kawai zai fito, ki saita agogon da ke rufe shi idan lokaci ya cika. Ki duba memorin da ake kai wa masu tura fina-finai a kasuwa, don sukan cika shi da abin da ba ki ce a sa ba. Talabijin ya zauna a falo, waya kuma ba ta kwana a ɗakin yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Rage yawan kallon kaɗai yana rage rabin aikin tacewa.

Duk da haka wata rana zai ga abin tsoro, a gidan maƙwabta ko a wayar yayansa. Idan ya farka da kuka cikin dare, kada ki fara da faɗa ko binciken wanda ya nuna masa, wannan na safe ne. Ki kunna fitila, ki ɗauke shi, ki bar shi ya faɗi abin da ya gani har ƙarshe. Ki gaya masa yadda ake haɗa fim: mutum ne aka shafa wa hoda da jan fenti, aka biya shi, ya wanke fuska ya koma gida wurin 'ya'yansa. Sai ku yi addu'a gajeriya. Ni nakan karanta musu Zabura 121, mai cewa mai tsaronmu ba ya gyangyaɗi ba ya barci, da 1 Yohanna 4:4, cewa wanda ke cikinmu ya fi wanda ke cikin duniya girma. Ki guji addu'ar da ke ta kiran sunayen mayu da ƙarfi a kan gadon yaro, don tana tabbatar masa cewa suna bakin taga.

Za ki tarar 'yar'uwarki a Zumuntar Mata ta bar abin da kika hana, ko ta hana abin da kika bari. Romawa 14 ta yi maganar irin wannan saɓani tsakanin masu bi, cewa kada mai ci ya rena marar ci, kada marar ci kuma ya hukunta mai ci. Kada ki ce wa yaranki gidan su wane ba su san Allah ba. Ki ce kowane gida da dokarsa, wannan ce tamu. Abin da ya zama dole shi ne ke da maigida bakinku ya zo ɗaya, don yaro yana saurin gane wanda zai je wa idan ɗayan ya hana.

Idan za su je hutu wurin kaka ko gwaggo, ki yi magana tun kafin su tafi, cikin ladabi: "Mama, don Allah in za a sa fim ɗin mayu a bari sai sun yi barci, ƙaramin yana firgita." Ki tura musu abin da kika riga kika tace a memori su tafi da shi, ki kuma roƙi Mama ta ba su tatsuniya da dare in wuta ta ɗauke.